Shin Fim ɗin Casablanca Ya Cancanci Yabon da Ake Yi Masa?

Duk wanda ya taɓa duba jerin finafinan da masana suka fifita a tarihin silima zai ga sunan Casablanca a sahun gaba. Cibiyar Finafinai ta Amurka ta sanya shi na biyu cikin finafinai ɗari mafiya daraja a 1998, ta mayar da shi na uku a 2007, sannan a 2002 ta ba shi matsayi na farko a jerin finafinan soyayya. Tun kafin haka ya ci kyautar Oscar guda uku a 1944, wato ta gwarzon fim, da ta darakta, da ta rubutun labari. Yabon da ya kai wannan yawa yakan zama nauyi a kan fim, domin mai kallo na yau yakan zauna yana jiran abin da zai girgiza shi, sai ya tarar da hoto baƙi da fari na minti 102, wanda akasarinsa mutane ne zaune a gidan shaƙatawa suna magana, ya tashi yana tambayar ina abin da ake ta kururutawa. Na fahimci wannan tambaya kuma ina ganin ta halatta. Ra'ayina shi ne fim ɗin ya cancanci sunan da ya yi, amma dalilin da aka fi bayarwa, wato soyayyar Rick da Ilsa, shi ne mafi rauni a cikin dalilan.

Ga wanda bai kalla ba, labarin yana faruwa ne a watan Disamba na 1941 a birnin Kasablanka na ƙasar Maroko, lokacin da ƙasar take hannun gwamnatin Faransa ta Vichy, wadda ta miƙa wuya ga Jamus bayan faɗuwar Faris a 1940. Rick Blaine, wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayinsa, Ba'amurke ne mai gidan rawa da caca, wanda ya ɗauki alwashin ba zai ƙara sa kansa cikin rigimar kowa ba. Wasu takardu biyu na izinin fita daga ƙasar suka faɗo hannunsa, a daidai lokacin da Victor Laszlo, jagoran masu yaƙar 'yan Nazi a ɓoye wanda ya tsere daga sansanin gwale-gwale, ya iso garin tare da matarsa Ilsa yana neman hanyar zuwa Lisbon, babban birnin Portugal. Ilsa kuwa, wadda Ingrid Bergman ta fito a matsayinta, ita ce macen da Rick ya so a Faris, wadda ta bar shi tsaye a tashar jirgin ƙasa ranar da za su gudu, ba tare da ta faɗa masa dalili ba. Dalilin shi ne ta ɗauka mijinta ya mutu, sai labari ya zo mata cewa yana raye. A ƙarshe Rick ya saka ta cikin jirgin sama tare da mijinta, shi kuma ya tsaya.

Masu sukar fim ɗin suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma bai kamata a share su ba. Takardun izinin da dukan labarin ya rataya a kansu ƙirƙira ce kawai, kuma hankali ba ya kama cewa jami'an Jamus za su tsaya suna kallon mutumin da suke nema ruwa a jallo yana hawa jirgi saboda wata takarda da ke aljihunsa. Shi kansa Laszlo, mutumin da aka ce yana gudun ceton rai, yana yawo cikin farar kwat yana shiga gidajen shaƙatawa da sunansa na gaskiya. Ba a ɗauki ko hoto ɗaya a Maroko ba, domin kusan komai an yi shi ne a harabar kamfanin Warner Brothers da ke Burbank a jihar Kaliforniya, tsakanin watan Mayu da na Agusta na 1942. Jirgin da ake gani a fage na ƙarshe ma na katako ne, aka lulluɓe shi da hazo don kada a gane. An fara ɗaukar fim ɗin tun ba a kammala rubuta labarin ba, kuma hannaye da yawa ne suka taɓa rubutun: tagwayen nan Julius da Philip Epstein, da Howard Koch, da Casey Robinson wanda ba a sa sunansa ba, dukansu suna gini a kan wani wasan kwaikwayo na Murray Burnett da Joan Alison wanda kamfanin ya saya a kan dala 20,000 tun ba a taɓa nuna shi a dandamali ba. Marubucin nan na Italiya, Umberto Eco, ya yi sharhi mai tsawo inda ya nuna cewa idan aka auna fim ɗin da tsauraran ma'aunan fasaha, tarin tsofaffin dabarun labari ne da aka haɗa wuri guda, ko da yake shi ma ya yarda cewa haɗuwar tasu ta haifar da wani abu mai kama zuciya.

Babbar matsalata da ɓangaren soyayyar ita ce Ilsa. An ba Bergman fuskar da kyamara take ƙauna, an haska ta yadda idanunta za su riƙa ƙyalli, amma ba a ba ta ra'ayin kanta ba. A wurin da labarin ya fi tsanani, inda ya kamata mu ga mace tana auna amanar aure da abin da zuciyarta take so, sai ta ce wa Rick shi ya yi tunani a madadinsu duka. Daga nan har ƙarshe maza biyu ne suke yanke hukunci a kan rayuwarta, ɗaya yana roƙon a fitar da ita, ɗaya yana shirya yadda za ta tafi ba tare da ya sanar da ita ba. Halin da ta shiga kuwa babba ne, kuma ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi cikin al'ummar da malamanta suka daɗe suna tattauna hukuncin matar da mijinta ya ɓace, har mazhabar Malikiyya ta ƙayyade mata jiran shekara huɗu. Mace ce da ta yi makoki, ta fara sabuwar rayuwa da zuciya ɗaya, sai wanda ta yi wa makokin ya dawo yana jinya yana buƙatarta. Wannan kaɗai ya isa a gina fim a kansa, amma Casablanca ya ba shi 'yan mintuna, ya fi mayar da hankali ga ɓacin ran Rick da kwalbar da yake zama da ita cikin dare. Ko fagen tuna baya na Faris, inda aka so a nuna mana zurfin soyayyar, gajere ne kuma na sama-sama: yawo a mota, da rawa, da alkawari. Ana gaya mana cewa soyayyar babba ce fiye da yadda ake nuna mana. Bugu da ƙari, dokar tace finafinai ta Hollywood a wancan zamani ba za ta taɓa barin matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba, saboda haka ƙarshen da ake yaba wa yana da alaƙa da tilas kamar yadda yake da alaƙa da hikimar marubuta.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne mutanen da suke zaune a teburan baya. Tun daga farko wata murya take bayyana hanyar da 'yan gudun hijira suke bi: daga Faris zuwa Marseille, su tsallaka Bahar Rum zuwa Oran a Aljeriya, su ratsa zuwa Kasablanka, inda masu kuɗi ko masu hanya ko masu sa'a suke samun bizar zuwa Lisbon, daga nan Amurka, sauran kuma su zauna suna jira. Sai kyamara ta shiga gidan Rick ta bi tebur-tebur. Ga wata mata tana neman sayar da lu'ulu'unta, dillali yana gaya mata kasuwa ta cika da irinsa. Ga wani yana raɗa wa wani lokacin da kwale-kwale zai tashi, da cewa a zo da tsabar kuɗi. Can gaba kuma ga wasu tsofaffi mata da miji suna koyon Turanci da ƙyar don su dace da ƙasar da za su. Wanda ya san yadda matasan Afirka suke taruwa a Agadas ko a garuruwan gaɓar Libiya da Maroko suna jiran tsallakawa Turai, ko wanda ya taɓa kwana a layin ofishin jakadanci da takardunsa a hannu, zai gane wannan zama tun kafin a yi masa bayani. Bambancin kawai shi ne a 1941 Turawa ne suke kwararowa Afirka suna neman mafita.

Abin da ya sa waɗannan ƙananan fagage suke da nauyi shi ne mutanen da suka taka su sun san abin a jikinsu. Cikin 'yan wasan da aka jera sunayensu, uku ne kawai haifaffun Amurka: Bogart, da Dooley Wilson, da Joy Page. Conrad Veidt, wanda ya fito a matsayin Manjo Strasser na 'yan Nazi, babban tauraro ne a Jamus wanda ya bar ƙasar a 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Peter Lorre, mai taka rawar mutumin da ya bar wa Rick takardun izinin, shi ma a shekarar ya gudu. Paul Henreid, mai taka rawar Laszlo, ya baro Ostiriya. S. Z. Sakall, dattijon nan mai fara'a da yake raba abin sha, ya rasa 'yan uwansa mata a sansanonin 'yan Nazi. Marcel Dalio, wanda ya yi suna a finafinan Faransa kafin yaƙi, ya koma taka ƙaramar rawa ta mai juya faifan caca, bayan ya tsere daga Faris a 1940 tare da matarsa Madeleine Lebeau, wadda ita ma ta fito a fim ɗin, ta hanyar Lisbon, wato ainihin hanyar da fim ɗin yake magana a kanta. Shi kansa darakta Michael Curtiz ɗan ƙasar Hangari ne, ko da yake ya zo Amurka tun kafin yaƙin.

Wannan ne ya sa fagen waƙa ya zama zuciyar fim ɗin a wurina. Hafsoshin Jamus suka kama wata waƙar kishin ƙasarsu a cikin gidan, sai Laszlo ya nufi makaɗa ya ce su buga taken Faransa. Makaɗan suka dubi Rick, ya gyaɗa kai, ɗakin ya miƙe gaba ɗaya, muryoyin suka danne na Jamusawan. A tsakiyar wannan kyamara ta tsaya a fuskar Lebeau tana waƙa hawaye na zuba. An ɗauki wannan fage ne a tsakiyar 1942, lokacin da Jamus take riƙe da mafi yawan Turai, sojojinta suna kutsawa cikin Rasha da hamadar Masar, kuma babu wanda ya san wa zai yi nasara. Mu da muke kallo yanzu mun san yadda yaƙin ya ƙare, amma mutanen da suke cikin ɗakin ba su sani ba, kuma da yawa daga cikinsu ba su san halin da iyayensu da danginsu suke ciki ba. Babu kuɗin da zai sake samar da wannan, shi ya sa duk ƙoƙarin da aka yi na maimaita labarin a talabijin bai je ko'ina ba. Gyaɗa kan da Rick ya yi kuwa, a nan ne ya fita daga zaman 'yan ba-ruwanmu, tun kafin maganar filin jirgi, kuma ya biya farashinsa nan take domin an rufe masa gida.

Akwai kuma wani ƙaramin labari da na fi ɗauka da muhimmanci fiye da na Faris. Wata amarya 'yar Bulgeriya mai suna Annina ta zo wurin Rick tana tambayarsa ko Kyaftin Renault, shugaban 'yan sandan garin, mai cika alkawari ne. Ba a faɗi abin a fili ba, amma kowa ya gane cewa Renault ya nemi ta ba da mutuncinta a bakin biza. Rick ya amsa mata da kakkausar murya, sannan ya tashi ya je teburin caca ya sa aka bar mijinta ya ci kuɗin da za su biya. A 'yan mintuna an nuna yadda mai riƙe da hatimi yake cin zarafin wanda ba shi da gata, an kuma nuna cewa taurin zuciyar Rick rufi ne kawai. A nan ma ina da ƙorafi, domin Claude Rains ya taka Renault da daɗin baki da barkwanci har mai kallo yakan manta cewa mutumin azzalumi ne, kuma a ƙarshe fim ɗin ya yafe masa cikin sauƙi saboda ya jefa kwalbar ruwan sha mai sunan Vichy a kwandon shara, alamar ya juya wa gwamnatin baya, ya kuma rufa wa Rick asiri bayan Rick ya harbe Manjo Strasser. Matan da ya ci amanarsu ba su samu ko kalma ɗaya ba.

Dole kuma a karanta Rick a matsayin Amurka kanta. An gaya mana cewa ya kai wa Habasha makamai a 1935 lokacin da Italiya ta mamaye ta, ya kuma yi yaƙi a Sifaniya a 1936 a ɓangaren masu adawa da 'yan fasist, sannan ya janye jikinsa ya ce kowa tasa ta fisshe shi. An sanya labarin a watan da Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, kuma akwai wurin da Rick yake cewa yana jin duk Amurka barci take yi. Saƙon a bayyane yake, kuma ba laifi ba ne a kira shi farfagandar yaƙi. Sa'a ma ta taimaka masa: sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka ranar 8 ga Nuwamba 1942, kamfanin ya gaggauta nuna fim ɗin a New York ranar 26 ga watan, sannan aka sake shi ko'ina a watan Janairu na 1943, daidai lokacin da shugaban Amurka Roosevelt da firaministan Birtaniya Churchill suke taro a Kasablanka, sunan garin yana kan kowace jarida. Amma finafinan farfaganda da aka yi a shekarun nan suna da yawa, kuma an manta da galibinsu. Wannan ya rayu ne domin bai nuna fagen daga ba, bai yi alkawarin nasara ba, kuma bai ɓoye cewa wanda ya zaɓi gaskiya zai yi asarar abin da ya fi so ba. Rick ya rasa gidansa, da macen, da zaman lafiyarsa a dare ɗaya, kuma fim ɗin bai ba shi wani lada a madadinsu ba.

Akwai abin da ba zan iya wucewa ba a matsayina na mai kallo daga Afirka. Fim ne mai ɗauke da sunan birnin Maroko, amma 'yan Maroko ba su da murya a cikinsa. Suna nan a kasuwa a matsayin ado, masu tallan kaya da masu wucewa, kuma mai gadin ƙofa da aka kira Abdul ma Ba'amurke ne ya taka shi. Mutanen da suke rera taken 'yancin Faransa suna yin haka ne a ƙasar da Faransa ta ɗora wa mulkinta tun 1912, kuma babu wanda ya lura da wannan a cikin labarin. Shekara ɗaya kacal bayan fitowar fim ɗin, a ranar 11 ga Janairu 1944, 'yan kishin ƙasar Maroko suka gabatar da takardar neman 'yancin kai, wanda ba su samu ba sai 1956. Haka kuma ba a ambaci kalmar Bayahude ko sau ɗaya ba, alhali Yahudawa suna cikin waɗanda suka fi cika wannan hanya ta gudun hijira. Gaskiyar abin da ya faru ta fi gidan Rick muni nesa ba kusa ba, domin gwamnatin Vichy ta tsare 'yan gudun hijira da yawa a sansanonin aikin tilas a gabashin Maroko da kudancin Aljeriya, irin su Bou Arfa, tana sa su shimfiɗa layin dogon da ta yi mafarkin zai ratsa Sahara ya kai Kogin Kwara. Sai kuma Sam, makaɗin fiyano baƙar fata wanda Dooley Wilson ya taka. Idan aka kwatanta da yadda Hollywood take nuna baƙaƙe a lokacin, an ba shi mutunci, domin aminin Rick ne, kuma da aka nemi a saye shi Rick ya ce ba ya cinikin mutane. Duk da haka Ilsa ta kira wannan babban mutum yaro, ba a ba shi wani buri na kansa ba, kuma a ƙarshe an bar shi a Kasablanka tare da mutumin da Rick ya sayar wa gidan.

Ko ƙarshen labarin yana nuni ga wani tarihi da fim ɗin bai buɗe ba. Renault ya ba Rick shawarar su nufi Brazzaville, inda rundunar Faransa mai 'yanci take. Wannan runduna ta Janar de Gaulle ta samu gindin zama ne a Afirka, bayan da gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda baƙar fata ne, ya bi bayanta a watan Agusta na 1940, alhali Nijar da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa suna hannun Vichy har zuwa ƙarshen 1942. Dakarun da suka tashi daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka ƙwace Kufra a kudancin Libiya a 1941, akasarinsu 'yan Afirka ne. Idan da Rick ya isa inda ya nufa, da cikin waɗannan sojoji zai tsinci kansa. Ba na cewa wajibi ne fim na minti 102 ya ɗauki dukan wannan, amma wanda zai kira shi labarin 'yanci ya kamata ya san 'yancin su wa aka ƙirga da na su wa aka tsallake.

Duk da waɗannan, hukuncina bai sauya ba, kuma akwai wani abin da ya faru da yake ƙarfafa mini shi. Lokacin da aka fara nuna Casablanca a Jamus ta Yamma a 1952, an yanke kusan minti 25 daga cikinsa. An cire Manjo Strasser da duk wani abu da ya shafi 'yan Nazi, an cire fagen taken Faransa, an mayar da Laszlo wani masanin kimiyya ɗan Norwe wanda ya tsere daga kurkuku. Abin da ya rage shi ne ainihin abin da mutane suke cewa suna so a fim ɗin, wato Bogart, da Bergman, da waƙar fiyano, da rabuwa a filin jirgi, kuma a wannan siffa bai zama komai ba face labarin soyayya irin wanda aka saba gani. Sai a 1975 ne masu kallo a can suka ga cikakkensa da harshensu. Saboda haka idan aka tambaye ni ko shi ne fim ɗin soyayya mafi girma, zan ce a'a, domin macen da ke cikinsa ba ta samu haƙƙinta daga marubuta ba. Idan kuma aka tambaye ni ko ya cancanci a ci gaba da kallonsa bayan fiye da shekara tamanin, zan ce ƙwarai kuwa, kuma zan roƙi mai kallo ya riƙa ɗauke ido daga kan taurarin biyu lokaci-lokaci, ya dubi masu raba abin sha, da makaɗa, da mutanen da suke zaune a baya suna jiran takarda.